"I use to" ko "I used to"?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daidai ne ka ce "I use to pray in that mosque" in kana nufin har yanzu a masallacin kake salla. A'a, ba daidai ba ne. "Used to" na abin da ya wuce ne kawai, abin da kake yi a da amma ka daina. In ka ce "I used to live in Zaria", mai jin Turanci zai ɗauka ka tashi daga Zariya. Abin da kake yi har yau kuwa, inda mu za mu ce "nakan yi", sai ka ce "I usually pray there", ko "I pray there" kurum. Cire harafin d ba ya mai da maganar ta yanzu. Ana cire shi ne in "did" ya shigo, kamar "Did you use to play football?"

Ina duba rubutun ɗalibai masu shirin WAEC, kuma wannan kuskuren yana ci mini tuwo a ƙwarya, don yana juya ma'ana gaba ɗaya. Yaro zai rubuta wasiƙar neman aiki ya ce "I used to work hard", nufinsa shi mai ƙwazo ne, sai ya zama ya shaida wa mai ɗaukar aiki cewa ƙwazon ya ƙare. Ka kuma kula da "I am used to", shi sabo yake nufi, kuma aikatau da ke binsa yana ɗaukar -ing: "I am used to waking up early", wato tashin asuba ya zame mini jiki.