Yaya ake lissafa diyyar wanda ya ji rauni a hatsarin mota?

Tambaya: Mota ta buge ni ina kan babur, na karye a cinya, yau wata biyar ke nan ban koma aikin gini ba. Kamfanin inshorar direban ya yi mini tayin wasu kuɗi, amma na ji an ce wani mai irin karayata ya samu fiye da haka nesa ba kusa ba. Da wane ma'auni ake yanke wannan diyya?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, malam. Abin da ake aunawa shi ne abin da raunin ya raba ka da shi, shi ya sa mutum biyu masu karaya iri ɗaya ba sa tashi da kuɗi ɗaya. Ma'aikacin ofis zai koma kujerarsa da sandar dogarawa, magini kuwa sai ƙafa ta ɗauki hawa da sauka.

Diyyar kashi biyu ce. Na farko asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin asibiti da magani, gashin ƙashi, zirga-zirgar ganin likita, gyaran babur, da abin da ka rasa na samu tun ranar hatsarin. A nan rasidi ne ke magana. Mai albashi takardar biyansa ta ishe shi, mai aikin hannu sai ya kawo littafin ciniki, bayanan banki ko shaidar waɗanda yake yi wa aiki. A wasu ƙasashe har jinyar da iyali suka yi ana ƙiyasta ta da kuɗi.

Kashi na biyu shi ne raɗaɗi, wahala, da jin daɗin rayuwa da ya ragu. Wannan ba shi da rasidi, don haka alƙali kan dubi rahoton likita ya gwada da abin da kotuna suka bayar a shari'u makamantan taka.

Inda kuɗi ke yin nauyi sosai shi ne asarar gaba. Idan likita ya tabbatar ba za ka koma gini ba, sai a fitar da giɓin samunka na shekara a ninka da wani adadi. Wanda shekara 20 ta rage masa ta aiki ba lallai a ninka masa sau 20 cif ba, domin ana la'akari da cewa kuɗin a dunƙule zai karɓa yau, kuma ciwo ko rashin aiki na iya katse shi ko da ba hatsari.

Sai ragi. Idan kai ma da naka sakacin, za a zaftare daidai rabonka na laifi. A shari'ar Froom da Butcher ta 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce a rage kashi 25 cikin 100 idan ɗaura bel ɗin mota zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan sassauta shi kawai zai yi. Rashin hular kwano ma kan jawo ragi, amma fa sai in raunin a kai yake. Ba ruwan hula da cinya.

Ni dai ba na son a sa hannu kan tayin farko alhali ƙashi bai gama haɗewa ba. Takardar sasantawa yawanci rufe magana take yi, ko da daga baya an sake yi maka tiyata. Ka nemi likitan ƙashi ya rubuta yadda yake ganin ƙafar za ta kasance, ka kai wa lauya tare da tayin. Ka tambaye shi wa'adin shigar da ƙara a ƙasarku, domin ya bambanta. A Ingila, alal misali, shekara 3 ne.