Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kuɗin katifun 'yan ciyalidin

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki tun jiya, cewa 'yarki da take aji 9 a wata sakandare a nan Amurka ta shiga ƙungiyar ciyalidin, wato 'yan matan nan masu yi wa 'yan wasan makaranta kirari da tsalle-tsalle a gefen fili, kuma kociyarsu ta aiko wa iyaye takarda tana neman gudummawar sayen katifun kariya, domin a halin yanzu a ɗakin cin abinci suke atisaye. Kin tambaya ko katifun nan dole ne, kuma ko mu iyaye ne ya kamata mu biya. Babbar 'yata ta yi shekara 4 a wannan wasa, ni kuma na yi shekara 3 a kwamitin iyaye masu tara musu kuɗi, shi ya sa na ga ya wajaba in ba ki amsa a tsanake.

Kafin a zo maganar kuɗi, ina roƙonki ki je wurin atisayen da ƙafarki, ki dubi abin da yaran suke takawa. Yawancin ɗakunan cin abinci na makarantun nan tayil ne aka liƙa a kan daɓen siminti. Idan abin da kika tarar ke nan, ki gaya wa kociyar cikin ladabi cewa 'yarki za ta ci gaba da koyon kirari da rawa da motsin hannu, amma ba za ta ɗaga kowa ba, ba kuma za a ɗaga ta ba, har sai an shimfiɗa katifa. Ni ma da farko na ɗauka tafi ne da waƙa kawai, sai ranar da na ga yara biyu sun riƙe ƙafafun wata, ta uku tana tsare da ita ta baya, sun miƙe hannuwansu har tafin ƙafarta ya wuce kan babban mutum. Akwai kuma salon da ake haɗa hannu a cilla yarinya sama a cafe ta, da wanda ake hawan juna kamar tsarin dalar gyaɗa. Masu cafewar nan yara ne 'yan shekara 14 zuwa 18, kuma duk ƙwarewarsu hannu yakan kuɓuce.

A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu na asibitin yara da ke Kolumbus a jihar Ohayo, Brenda Shields da Gary Smith, sun auna irin filayen da ake wannan wasa a kansu, domin a san daga wane tsayi ne faɗuwa take iya jawo raunin kai mai barazana ga rai. A kan siminti, da tayil ɗin da ke kan siminti, tsayin bai wuce rabin ƙafa ba, wato kimanin santimita 15. A kan daɓe mai sifirin kuwa ya haura ƙafa 11. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko shimfiɗar soso da aka saba gani a gasa, ita kaɗai ba ta kai matsayin da ake bukata ga salon hawa biyu ba, sai an ɗora mata katifar sauka mai kaurin inci 4 ko 8. Saboda haka katifar da ake roƙonku kuɗinta ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata a samu, kuma ko an saye ta, duk sabon salon da za a koya yana bukatar ƙarin katifa mai kauri da babba a tsaye kusa.

Don adalci, yawan raunuka a ciyalidin bai kai na wasanni da dama ba. Muninsu ne abin tsoro idan sun faru. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa kusan kashi 2 cikin 3 na munanan raunukan da 'yan matan sakandare suka samu a wasanni cikin shekara 25, irin su karayar wuya da fashewar ƙoƙon kai da shanyewar jiki, daga wannan wasa suka fito, ta kuma nemi a daina yin salon ɗagawa a kan ƙasa mai tauri ko mai santsi. Tun kafin nan, a watan Maris na 2006, wata ɗalibar jami'a mai suna Kristi Yamaoka ta faɗo daga saman dalar mutane a filin ƙwallon kwando ana nunawa a talabijin, ta samu karaya a ƙashin wuya. A kakar 2006 zuwa 2007 aka tsaurara doka, aka hana cilla yarinya sama a kan ƙasa mai tauri, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna munanan raunuka daga wannan salon sun ragu ƙwarai. Dokar tana nan a littafin ƙa'idojin da tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasa take fitarwa, kuma hakkinki ne ki tambayi kociyar ko tana da shi, da kuma ko ta yi kwas ɗin kariya.

A shekararmu ta farko, mu ma a farfajiya yaranmu suke atisaye, domin 'yan ƙwallon raga da na kwando ne suke da zauren wasanni, namu sai abin da ya rage. Wata yamma wata ƙawar 'yata ta zame ta baya, ƙeyarta ta bugi tayil. Allah ya taƙaita, ba ta karye ba, amma ƙwaƙwalwarta ta girgiza, ta yi makonni ba ta iya kallon allo ko haske mai ƙarfi, karatunta na zangon nan ya ja baya. Har yau ina jin nauyin cewa na ga wannan daɓen tun watan Agusta na yi shiru, ina tunanin tunda makaranta ta yarda, lafiya ke nan.

Dalilin da ya sa ake miƙo mana ƙoƙon bara kuwa yana da tushe. A jihohi da gundumomi da yawa ba a lissafa ciyalidin cikin wasanni, ana ajiye shi a sahun kulob-kulob na bayan tashi, kuma abin da ba a kira wasa ba ba ya samun cikakken kaso a kasafin daraktan wasanni, ba ya samun lokaci mai kyau a zaure, wani lokaci ma ma'aikacin kula da raunin 'yan wasa ba ya leƙa su. Dokar 1972 da ta wajabta daidaito tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya ita ce ta buɗe wa wasannin mata ƙofa, amma a 2010 wani alƙalin tarayya, a shari'ar jami'ar Quinnipiac, ya yanke cewa gasar ciyalidin ba ta kai a ƙirga ta a matsayin wasa ƙarƙashin dokar ba, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2012. Wasu jihohin sun gyara nasu. Kalifoniya ta yi doka a 2015 da ta mai da gasar cikakken wasan sakandare. Ki bincika matsayin jiharku, domin da shi za ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Sannan babban kaso na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali tana da daɓe mai sifirin, unguwannin da yawancinmu baƙi muke zaune kuwa sai an yi wankin mota da sayar da kek.

Ra'ayina shi ne ki ba da abin da ya sauƙaƙa, amma kada ku bari nauyin ya zama naku ku kaɗai. Babu wanda yake cewa 'yan ƙwallon Amurka su fita fili ba hular kwano sai iyaye sun gama tara kuɗi, kuma katifa ita ce hular kwanon 'ya'yanmu. Mu abin da muka yi, mun rubuta takarda ga shugaban makaranta da daraktan wasanni, iyaye suka sa hannu, muka ambaci irin daɓen da ranar da yarinyar ta faɗi, muka nemi amsa a rubuce. Da aka yi ta jan ƙafa, sai muka je zaman hukumar makarantun gunduma, inda ake ba kowane mazauni 'yan mintoci ya yi magana. Daga ƙarshe aka raba, makaranta ta ɗauki kaso mafi girma, mu muka cika. Ki yi wannan tun yanzu, domin bayan rauni ba lallai kotu ta share miki hawaye ba: a 2009 kotun ƙolin jihar Wiskonsin ta yanke hukunci a kan wata ɗaliba da ta faɗi ana atisaye ba katifa, ta ce ba za a ɗora wa hukumar makarantar alhaki ba.

Game da katifun kansu, cikakken filin gasa naɗin katifa 9 ne, kowanne faɗinsa ƙafa 6, tsawonsa ƙafa 42, soso ne mai kaurin da ya ɗan haura inci 1 da kafet a samansa, kuma jimillarsu dubban daloli ce kafin kuɗin dako. Ba dole ne a saye su rana ɗaya ba. Mu da naɗi 3 muka fara tare da katifar sauka guda, kociya ta riƙa raba yaran rukuni-rukuni, waɗanda ba sa kan katifa suna koyon kirari. Mun kuma ɗage ɗinkin sabon yunifom na shekara guda, duk da cewa wasu iyayen ba su ji daɗi ba, domin na ga ƙungiyoyin da suke kashe kuɗi a kan kaya da ribon da jakunkuna iri ɗaya alhali ba su da abin faɗawa a kai. Aron katifar 'yan kokawa bai yi mana amfani ba, domin da hunturu ya shigo suke karɓe abinsu, daidai lokacin da wasannin ƙwallon kwando suke farawa.

Idan an samu na hannu daga wani gidan motsa jiki, ki sa a danna sosonsu da gwiwa a wurare da dama, wanda ya lotse bai dawo ba a bar shi. A sayi maɗaurin Velcro, wato ƙyallen nan mai mannewa, da ake haɗa bakin naɗi da naɗi da shi, domin a tsagar da ke tsakaninsu ƙafa take maƙalewa, a kuma sa makaranta ta rubuta ɗakin da za a riƙa ajiye su da wanda zai riƙe mabuɗinsa. Takardar da muka rubuta tana nan a wurina, idan kina so sai in turo miki ki gyara ta da bayanin makarantarku.