Farin ɓawon da ke taruwa a butar shayi

'Yar'uwa, kin ce tun da kuka koma birnin bakin teku sabulu ya daina kumfa, butar shayi kuma ta yi farin ɓawo a ciki, har kina tsoron ba yara ruwan. Ki kwantar da hankalinki. Kalsiyam da maganiziyam ne suka yi yawa a ruwan, yakan kwaso su idan ya ratsa dutsen farar ƙasa. Da zarar sun wuce miligiram 120 a lita ɗaya sai a fara ganin haka, kuma shansa ba ya cutar da mai lafiya.

Butar ce ta fi ba ni tausayi. Ɓawon nan yana jinkirta tafasa, ya ci wuta a banza. Ki matse lemun tsami ki haɗa da ruwa, ki tafasa, ki bar shi awa guda, za ki ga yana ɓamɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Kan shawa ma ki jiƙa shi haka. Wanki kuwa, garin sabulu ya fi sabulun sanda.

Amma in kin ji zartsi a harshe, wannan daban ne: wataƙila ruwan teku ke kutsawa cikin rijiyoyi, tafasawa ba ta raba shi da gishiri. Ki kai a auna.