Amsa kan tsakuwar Mars: mulmulewa kaɗai ba ta kama hujja

Ɗan'uwa, sannu da fama. Ka ce ka auna tsakuwa a hotunan Curiosity, motar binciken da ke kan duniyar Mars, ka tarar sun mulmule, ka rubuta cewa kogi ne ya ɗauko su, sai malaminka ya maido maka da aikin ya ce hujjar ba ta zauna ba. Duk wanda ya taɓa wannan awon a cikinmu ya san ciwon abin, makonni kana zagaye duwatsu a kwamfuta sannan a soke da layi ɗaya. Amma ka yi haƙuri, malamin yana da gaskiya.

Ina zargin lissafin da ka yi shi ne girman filin da tsakuwar ta rufe a hoto sau 4π, a raba da tsawon kewayenta da aka ninka da kansa. Wannan yana faɗa maka yadda siffar ta kusa zama da'ira. Abin da kogi yake fara yi kuwa shi ne cinye kaifin kusurwoyi, tun kafin tsayi da faɗin dutsen su canza sosai. Doguwar tsakuwa mai sulɓi da ta sha tafiya za ta ba ka ƙaramar lamba, guntun dutse mai kusurwa shida da ya ɓalle jiya ya ba ka babba. Ka auna lanƙwasar kusurwoyin daban.

Hoton ma yana yaudara, kuma nan ne abin ya fi ba ni takaici. Idan tsakuwa fiksel (ɗigon da ke haɗa hoto) goma ce daga gefe zuwa gefe, dishi-dishin hoton ya riga ya goge mata kusurwa, kai kuma ka ɗauka ruwa ne ya goge. Manhajar da ke bin gefen fiksel kamar matakalar bene tana tsawaita kewayen, lambar ta faɗi. Inuwa ta cinye gefe ɗaya, ƙura ta binne rabin wata, kyamara ta ɗauka a karkace ta mayar da zagayayyar tsakuwa kamar ƙwai. Sannan ga masu zana jan da'ira a hoto su watsa a intanet wai an gano kogi. Su ne suka sa kowa yake ganin aikin nan wasa ne! Ba sa faɗin nisan kyamara, ba sa faɗin girman fiksel, ba ruwansu. Shawarata, duk tsakuwar da ba ta kai fiksel ashirin ba ka cire ta, wadda ba ka ga dukkan gefenta ba ita ma ka cire.

Ka tuna ƙananan ƙwallayen da motar bincike Opportunity ta gani a filin Meridiani na Mars a 2004? Zagayayyu sumul, 'yan milimita kaɗan, amma ba gangarawa ce ta mulmule su ba. A cikin dutsen suka girma, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tara ma'adinin hematayit. Aman wutar dutse da faɗowar dutsen sama su ma suna haifar da 'yan ƙwallaye.

Abin da ya sa aka yarda cewa kogi ne ya ajiye tsakuwar Hottah da Link, wurare biyu da Curiosity ta ɗauki hotonsu a ramin Gale a 2012, shi ne shaidu sun taru. Tsakuwar tana tsakanin milimita 2 zuwa 40, ta fi ƙarfin iska ta mirgina ta. Iska yashi take ɗauka, dutsen da ta sassaƙa kuma fuskoki masu kaifi yake fitarwa. Tsakuwar ta manne da yashi sun zama dutse guda, launukanta sun bambanta, wato daga wurare daban aka kwaso ta, kuma wurin yana ƙasan inda kwarin Peace Vallis ya baje lakarsa. Daga nan aka kiyasta zurfin ruwa tsakanin santimita 3 da 90, gudunsa mita 0.2 zuwa 0.75 a daƙiƙa.

Zurfin kana iya gwadawa da kanka. Ka ninka girman tsakuwa da 0.05, lambar Shields ke nan a kiyasi (ma'aunin ƙarfin ruwan da ke fara motsa tsakuwa), ka sake ninkawa da 2 idan basalt ne (baƙin dutsen aman wuta), don ya fi ruwa nauyi kusan sau uku, sai ka raba da gangarar ƙasa. Tsakuwar santimita 4 a gangarar kashi 1 cikin 100 tana neman ruwa mai zurfin santimita 40 kafin ta motsa. Ka lura ƙarfin janyowar duniyar ya fita daga lissafin, domin yana sama da ƙasan rabawar, sai ya soke kansa. A gudu ne yake dawowa: na Mars kashi 38 cikin 100 ne na namu, saboda haka ruwa mai zurfi ɗaya a gangara ɗaya zai yi kamar kashi 62 na gudun da zai yi a nan. Mutane da yawa suna saka ƙarfin janyowar duniyarmu, 9.8, maimakon na Mars, 3.7, komai ya rushe.

Ba ka tambayi alkiblar ruwan ba, amma ka duba fale-falen tsakuwa da suka jingina da juna kamar littattafan da suka kishingiɗa a kanta. Gindinsu yana wajen da ruwa ya fito, kansu yana kallon inda ya nufa. Karkatattun shimfiɗun yashi kuwa suna sunkuyawa ne wajen da ruwan ya tafi.

Nisan tafiya, ka taka a hankali. Kusurwoyi suna gogewa da wuri, daga baya canjin ya yi sanyi. Binciken 2015 da ya kiyasta cewa tsakuwar Gale ta rasa kusan kashi 20 na nauyinta a tafiyar kimanin kilomita 50 sai da ya fara gwaji a wani kogi a tsibirin Puerto Rico. Kuma kada ka rubuta “ruwa” ga kowace duniya: duwatsun da na'urar Huygens ta ɗauki hotonsu a Titan, watan duniyar Saturn, a Janairun 2005 ƙanƙara ce, kuma ana ganin methane, iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa, ce ta mulmule su.

Ka turo mana lambar hoton, kyamarar da ta ɗauka, da yawan fiksel na mafi ƙanƙantar tsakuwar da ka auna, mu ga nawa za su tsira.