Wa ya fi samun albashi: mai zanen gini, mataimakinsa, ko mai ƙawata cikin gida?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fi albashi cikin ukun. Galibi mai zanen gini ne, amma fa sai ya samu rajista, wato izinin yin sana'ar a hukumance, domin shi ke sa hannu a zane, shi ake kamawa in an samu matsala. Kafin rajistar, albashinsa bai cika nisa da na mataimaki ba. Mataimakin da ya ƙware a Revit (manhajar kwamfuta ta zanen gini) kuwa, kamfanoni ba sa wasa da shi.

Mai ƙawata gida samunsa hawa da sauka ne, ya danganta da kwastomomi.

Kada adadin albashi kaɗai ya ruɗe ka, tambayi ko ana biyan aikin bayan lokaci. Ƙungiyar masu sana'ar a ƙasarku za ta ba ka sahihin ƙiyasi.