Juyi ko Kwafi? Da Batun Albasa da Ruwa

Wata ɗalibar koyon aikin jinya daga Zariya ta rubuto: "Malam, an koya mana cewa ƙwayar halitta tana ɗauko saƙo daga DNA ta mayar da shi RNA, abin da Turawa ke kira transcription. Malaminmu ya ce kwafi ke nan. Hausa ba ta da tata kalmar ne?"

Tana da ita, 'yata. Tun kafin zuwan injin ɗab'i, idan malami ya ari littafi a wurin ɗan'uwansa sai ya ce zai juya shi, abin da ya rubuta kuwa juyi ne. Kwafi aro ne daga Turanci, ya kuma zauna daram, ba na faɗa da shi. Ki dai lura da ƙugiya, don kwafa daban, ƙwafa daban. Ta biyun ita ce wadda uwa ke yi wa yaron da ya fasa mata tulu.

A wannan aikin ni juyi na zaɓa. DNA, wato littafin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, zare biyu ne a murɗe da juna, rubutunsa da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Wani sinadari mai suna RNA folimares yakan sauka a bakin ƙwayar gadon da ake buƙata, wato wani babi na DNA ɗin, ya ware zaren biyu, ya bi ɗaya yana jera harafi daura da harafi, sabon zaren da ya fito shi ne RNA. Amma duk inda T ya kamata ta zo, U yake sawa. Kin ga hannun mai juyi ya nuna ke nan, abin da injin kwafi ba ya yi. Sannan ba ya juya littafin duka, sai babin da ake so a lokacin. Abin ya fi kama da ɗalibin da ke rubuta karatun yau a allo, littafin malam na ajiye a gafaka, in an biya a wanke. A jikin bakteriya wannan saƙo mintuna kaɗan yake yi ya lalace. Matakin da ke biye, inda ake karanta haruffa uku-uku a haɗa furotin, shi ne fassara. Kwafi kuwa ki bar wa lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, ta ninka DNA ɗinta gaba ɗaya.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Maraɗi. Ya ce ɗansa lafiya lau aka haife shi, sai wajen wata shida hannu da ƙafa suka fara kumbura, asibiti suka ce sikila ce. Kakar yaron ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, tunda iyayen garau suke. Wai karin maganar ya dace?

Allah ya ba yaro lafiya, ɗan'uwa. Bai dace ba. Ana faɗin wannan ne ga ɗan da ya bar halin kirkin gidansu, zargi ne a kan ɗabi'a. Nan kuwa albasar halin ruwan ta yi sak: kai da mai ɗakinka kowa na ɗauke da ƙwayar sikila guda a ɓoye, shi ya haɗa biyu.

Wata shidan nan su ne abin dubawa. Rubutun yana jikinsa tun yana ciki, amma ba a juya wannan babin sosai a lokacin. Ɗan tayi da irin nasa himogulobin yake aiki, wato furotin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya danne ƙwayoyin gadon na tayi, juyinsu ya ja baya, na manya ya karɓi aiki, shi kuwa a nan kuskuren harafi ɗaya mai jawo sikila yake. Irin wannan kunnawa da kashewa François Jacob da Jacques Monod suka bayyana a Faris a 1961, da suka nuna bakteriyar E. coli ba ta juya babin narkar da sukarin madara sai madarar ta samu. An ba su kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. Wannan kunnawa da kashewa ne ya sa ƙwayar hanta da ta ido suke riƙe da littafi iri ɗaya, kowacce da shafin da take buɗewa.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani mai suna Casgevy, wanda ke rage aikin BCL11A a ƙwayoyin ɓargo don jiki ya koma juya babin tayi. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ciwon. Ita kuwa Hajiya kaka, ka lallaɓa ta da sunan da ta sani, ka ce mata amosanin jini ne, kuma ta ɓangare biyu ya zo.