Tambaya da Amsa: Na siyi sabuwar laftof, ina zan saka faifan rikobari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a nan Kaduna, Babana ya siya min sabuwar laftof HP a kwalinta saboda karatu, Windows 11 ne a kai. Yayana da ya taɓa aiki a kafe yace abu na farko da zanyi shine in siyo faifan DVD kamar huɗu ko biyar inyi faifan rikobari tun kafin in saka mata komai, toh ni kuma na juyata ta ko'ina babu ma wajen saka faifai. Cutata akayi ko yaya? Kuma menene ma amfanin abun?
Ɗalibi daga Tudun Wada

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka ya kuma saka wa Baba da alheri. Ba'a cuce ka ba, yawancin laftof na yanzu an daina yi musu wajen faifai saboda ana so suyi siriri suyi rashin nauyi. Shawarar Yayanka kuma gaskiya ce, kawai dai a zamanin Windows 7 ya koyi abun, lokacin da kamfanoni suka rage sako faifai a cikin kwali sai su ɓoye kwafin Windows a wani sashe na had disk su barka kai ka kwafe shi a DVD da kanka, kowane faifai 4.7GB yake ɗauka shiyasa sai an haɗa da yawa, kuma a na HP sau ɗaya tak manhajar take yarda kayi, in faifai ɗaya ya karce a cikin jerin shikenan aikin ya tashi a banza. Daga Windows 8 da ya fito a 2012 aka koma yin wannan aikin a kan filash.

Amfaninsa kuwa, ranar da ka kunna laftof taƙi shiga Windows, ko bairos ya hargitsa ta, ko SSD ɗinta, wato ma'ajiyar da Windows da fayilolinka suke ciki, ya mutu aka saka sabo wanda babu komai a kansa, wannan filash ɗin ne zai tayar da ita ya mayar mata da Windows ɗinta na asali tare da saitin da kamfanin ya yi mata. Wani zaice ai akwai Reset this PC a cikin Settings, eh akwai kuma yana aiki, amma a cikin kwamfutar yake zaune, in ma'ajiyar ce ta mutu tare zasu tafi. Shiyasa nake matsa wa mutane suyi tun a satin farko lokacin da komai yake lafiya, ba'a fafe gora ranar tafiya.

Ka nemi filash wanda bai gaza 16GB ba, ni dai 32GB nake cewa a siya dan hankali ya kwanta. Kuma dan Allah ka kula da na jabu, sun cika gari, zakaga an rubuta 64GB a jiki kwamfuta ma ta nuna maka 64GB amma ainihin abun da ke ciki bai kai rabin rabin haka ba, zai karɓi fayil kamar gaske sai ranar buƙata ka tarar duk sun lalace. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika filash da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka girmansa na gaskiya, ka gwada shi da ita kafin ka ɗora masa amana.

Sai ka jona caja, wannan kada ka raina shi, aikin yakan ci awa ɗaya ko fiye kuma kasan halin wutarmu, ka bari batir ya cika tukunna ko kayi lokacin da aka tada janareto. Ka danna Start ka rubuta Recovery Drive ka buɗe, zai nemi izini kace Yes. Zakaga wani ɗan akwati da aka rubuta Back up system files to the recovery drive, ka tabbata da alamar a kansa, anan mutane da yawa suke kuskure su cire alamar dan abun yayi sauri, in ka cire kayan gyara kawai zaka samu babu Windows ɗin kansa a ciki. Ka danna Next, zai ɗan jima yana lissafi kada ka ɗauka ya maƙale, ka zaɓi filash ɗinka ka danna Create. Duk abun da ke kan filash ɗin zai goge, saboda haka kada ka ɗauko wanda hotunan biki ke ciki.

In ya gama ka gwada shi, wannan ma kusan kowa tsallakewa yake. Ka kashe laftof, filash na jiki, ka kunna kana danna Esc sannan F9 tunda HP ce, masu Dell F12 ne, Lenovo ma yawanci F12 ko wani ɗan maɓalli a gefe da ake kira Novo. Ka zaɓi filash ɗin, in kaga shuɗin allo yana tambayarka irin kibod to yayi, ka fita kawai, kada ka taɓa Recover from a drive dan shi zai share komai ya fara sabo. Ka cire shi ka manna masa takarda ka rubuta sunan laftof da ranar da kayi, ka ajiye a gida cikin takardunka na makaranta. Banda jakar laftof, in aka ɗauke jakar a keke napep duka biyun sun tafi. Microsoft da kansu suna ba da shawarar a sake sabo duk shekara saboda sabuntawar da Windows ke yi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ƙanina ya riga yayi min wannan filash ɗin, ina rubuta furojet ɗina na digiri na biyu ne kuma duk aikin yana kan laftof. Kenan yanzu ko ta lalace aikina na nan ko?
Malamar makaranta daga Unguwar Rimi

AMSA: Malama lafiya lau, amma wallahi tambayarki ta tayar min da hankali, dan aikinki baya cikin wannan filash ɗin ko shafi ɗaya. Windows kawai yake ɗauke dashi, babu takardunki, babu hotuna, babu manhajojin da kika saka bayan kin siya. Kuma ranar da aka yi amfani dashi aka mayar da Windows, abun da ke kan laftof ɗin sharewa zaiyi, kenan in ba'a kwashe furojet ɗin ba shi da kansa ne zai goge miki. Dan Allah yau ɗin nan kafin ki kwanta ki kwafe shi a wani filash daban, sannan ki ɗora a intanet, Google Drive na ba da 15GB kyauta ga duk mai Gmail, OneDrive 5GB, takardun rubutu basu da nauyi ko datar waya ta isa. Duk ranar da kika ƙara babi ki sake ɗorawa.

Akwai kuma wani abu da nake so ke da ɗalibin da ya fara tambaya ku duba, dan yana sa mutane kuka a shagon gyara. Sababbin laftof da yawa masu Windows 11 suna kulle ma'ajiyarsu da kansu da zarar mutum ya shiga da akawun ɗin Microsoft, BitLocker ake ce masa, mai ita bai ma san anyi ba. Kariya ce mai kyau in an sace laftof, amma ranar da aka taɓa saitin BIOS (wanda ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau) ko aka canja mata bod (babban allon lantarkin cikinta) sai ta tsaya tace a bata mabuɗi mai lamba 48, kuma babu mai gyaran da zai iya fasa shi komai ƙwarewarsa. Mabuɗin yana cikin akawun ɗin Microsoft da aka fara shiga dashi, ki buɗe account.microsoft.com ki duba ƙarƙashin Devices, ki kwafe lambobin a takarda da biro. Inda matsalar take shine in mai shago ko wani yaro ne ya buɗe miki akawun ɗin ranar siya kuma baki san imel ɗin ba balle faswod, to ki neme shi tun yanzu ya baki.

TAMBAYA: Salam Oga. Tawa tokumbo ce Dell, a shago aka yi mata fomatin aka saka Windows 10. Na gwada Recovery Drive yace min We can't create the recovery drive. Ya zanyi?
Mai shagon buga takardu daga Kawo

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Wannan yana yawan faruwa da tokumbo, lokacin fomatin ana share sashen rikobari na asali, wani sa'in kuma Windows ɗin da aka saka wanda aka yi wa gyare-gyare ne. Kada ka wahalar da kanka dashi. Ka shiga shafin Microsoft ka sauke Media Creation Tool, da filash 8GB zai haɗa maka Windows mai tsabta, sai dai zai ci data wajen 5GB ko fiye, ka nemi inda netwok ke da ƙarfi ko kayi da daddare. Dell ma suna da tasu manhajar OS Recovery Tool, zaka saka lambar Service Tag da ke ƙasan laftof ɗin ta nemo maka wanda ya dace da ita in suna dashi. Maganar lasisi kuma, in da Windows 10 ko sama da haka ta fito daga kamfani mabuɗin yana cikin bod ɗinta, da ka hau intanet zai kunna kansa matuƙar irin wanda tazo dashi ka saka, Home ko Pro. Kafin ka goge komai ka sauke direban wayfai, wato manhajar da ke sa wayfai yayi aiki, daga shafin Dell ka ajiye a filash, dan babu takaici kamar ka gama saka Windows ka tarar babu hanyar hawa intanet.

Sannan ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kai kuma kullum filash ɗin mutane kake sakawa a shago. In firosesanta Intel ƙarni na 8 ne ko sama kuma tana da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata, gara ka haɗa na Windows 11 kai tsaye.

TAMBAYA: Zan iya ara wa abokina filash ɗin rikobari na? Tashi Lenovo ce tawa Acer.
Daga Rigasa

AMSA: A'a ɗan uwa, na laftof ɗinka ne, direbobi da saitin Acer ne a ciki, zai iya ƙin hawa ko ya hau ya bar masa matsalar sauti da wayfai. In tashi tana tashi yayi nasa yau, in kuma ta riga ta mutu ku haɗa masa da Media Creation Tool a kan taka, wannan kam bai damu da sunan kamfani ba.